Kwanciyar Gawa da Muka Koyo a Indiya

Tun da muka dawo ƙofar gidan nan ba ta huta ba. Mai zuwa dubiya ta zo, mai zuwa jin labari ta zo, kuma ina gane kowacce tun daga yadda take cire takalminta. Wata ta tambaye ni ko da gaske shanu ke da titi, wata ta ce ko na ga masu rawar fim. Ban ga mai rawa ko ɗaya ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na kira maƙwabciyata Malama Rifkatu, mai koyarwa a firamaren bayanmu, na ce ta zo da biro. Ni ban yi boko ba, allon ma abin da zan yi salla da shi kawai na ɗauka. Ta ce za ta miƙe Hausata ta zama irin ta littafi, na ce ta miƙe, amma ta bar wa mutane maganarsu yadda suka yi ta. Wadda ta sake tambayata, a karanta mata.

Duk wanda ya san ni a unguwar Mabera, nan Sakkwato, ya san aikina. Ni ke wanke mata idan sun rasu, a hannun gwaggota na koya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, ɗana Bello kuma fataucin shanu yake yi. Wadda na raka Indiya ita ce 'yata ta fari. Haka aka tashe mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki gaban mutane. Kakarta ta yaye ta, ita ta riƙe ta har aure. Ni "ke" nake ce mata, in ba ta wurin kuma in ce uwar su Amira. Rifkatu ta ce to me za ta riƙa rubutawa, na ce ta rubuta "yarinyar", ko da yake ita ma ta kusa aurar da 'ya.

Ga yadda abin ya faro. Yarinyar ta yi karatu, tana aiki a wani ofis da ke Sama Road. Ciwon baya ya kama ta, ta ce kujera ce. Wata abokiyar aikinta ta nuna mata bidiyo a waya, wai shi yoga, motsa jikin Indiyawa, yana warkar da baya. Na je gidanta wata rana na tarar da ita kan tabarma, kai a ƙasa, ƙugu a sama. Na ce wannan wace irin salla ce babu alƙibla. Ta yi dariya ta ce motsa jiki ne kawai. Ta yi watanni tana yi, ciwon yana ƙaruwa, matar cikin wayar kuma tana cewa zafi alama ce jiki yana buɗewa. Wata safiya ta lanƙwasa ta baya, ta ji wani abu ya ce ƙas, ba ta tashi ba sai da aka ɗauke ta. A asibiti hoto ya nuna ƙashin baya ya tsage. Da aka bi sawu aka gano ciwon daji ne, ya fara daga mama ya gangara cikin ƙashi ya cinye shi. Ta daɗe da jin ƙullutun, ta yi shiru.

Mijinta da 'yan'uwanta suka haɗa abin da suka haɗa don a kai ta asibiti a Indiya. Mijin ya zauna da yara, Bello ya zama muharrami, ni mai jinya. Da na ji an ce Indiya ce tushen yogan, na ce madalla, gidan mai laifi za mu.

Daga Sakkwato jirgi muka bi zuwa Abuja, don bayanta ba zai ɗauki mota ba, hanyar kuma kun san halin da take ciki. A Abuja muka sauka gidan wani ɗan ƙanen maigidana muna jiran biza. Can aka ce dole a ɗiga mana maganin shan inna kafin mu shiga ƙasarsu. Ni da na yi jikoki, wata 'yar nas ta ce in buɗe baki in ce aa. Na buɗe. Bello ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, yarinyar kuma ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita. Na lura tun daga ranar, duk dariyar da ta yi sai ta biya ta da zafi.

Jirgin ya sauke mu Habasha muka canja wani. Na taɓa zuwa Makka, saboda haka sama ba baƙuwata ba ce, amma can da ayari aka tafi, ana talbiya, kowa ya san inda ya nufa. Wannan kuwa kowa da damuwarsa. Yarinyar ba ta iya zama ba ta iya kwanciya, ta riƙe hannun kujera har jijiyoyin hannunta suka fito. Ina gefenta ina kallon hannun. Ban taɓa shi ba.

A filin jirgin Delhi aka tura ta a keken marasa lafiya har gaban wani ma'aikaci mai gashin baki. Ya duba fasfonta, ya duba nawa, ya nuna ta da biro ya yi mini magana.

"Mi yac ce?" na tambaye ta.

"Cewa yay yi, in ke uwata ta, ki hwaɗi sunana."

Na kalli bango. Bello ya yi sauri ya faɗa, mutumin ya ɗaga masa hannu, ya ce ba shi ya tambaya ba. Layi ya tsaya a bayanmu. Na ce a gaya masa ɗiyar Alhaji Mamman ce. Ya ce ba sunan uba yake so ba. Na ce to ya duba takardar da ke hannunsa, ai ba ni na rubuta ta ba, kuma ba ta yi masa ƙarya ba. Yarinyar ba ta fassara wannan ba, na gane daga gajertar abin da ta ce. Ta daɗe tana yi masa bayani da Turanci, tana nuna ni tana nuna kanta. Ya kira wata babbarsa, ita ma aka maimaita mata. Matar ta kalle ni sosai, ta karkaɗa kai hagu da dama. Na ce shi ke nan, an hana mu shiga. Ashe a wurinsu wannan karkaɗa kan shi ne to. Har muka baro ƙasar ban daina faɗuwar gaba ba duk lokacin da likita ya karkaɗa kai.

Masaukinmu wani bene ne kusa da asibitin, duk masu jinya ne daga ƙasashe, da Larabawa da mutanen Afirka. Mai gidan yana da wani ɗan gunki a lungun ƙofa, kullum da safe ya sa masa furanni ya kunna turare. Nakan wuce ta ɗaya gefen. Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba. Dokarsa ɗaya ce, ba a shigo masa da naman shanu. Mu kuwa akwai kilishi cike da jaka, wanda 'yan'uwan maigidana suka yi wa yarinyar da hannunsu. Muka riƙa cinsa ƙofa a kulle kamar ɓarayi, ni da Bello. Wadda aka yi dominta ko ƙamshinsa ba ta so.

Abincinsu shinkafa ce da wata miyar wake mai ruwa, da gurasa siririya kamar fai-fai, komai da kori. Shayinsu dai na yaba, da madara da citta suke dafa shi. Shanu kuwa gaskiya ne, suna kwance tsakiyar titi motoci suna kauce musu. Bello ya sha wahala. Ya tsaya gaban wata saniya yana duba haƙoranta da ido, yana cewa wagga ko wata biyu aka ba shi ita da dussa sai ta zama abin kallo. Na ce ya wuce kafin a gane ɗan wa ne.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wata Bakanuwa, Hajiya Mariya, mijinta na jinyar ƙoda. Gaisuwa ɗaya na yi ta ce, "A'a, Basakkwata! Mi kunka taho yi?" tana kwaikwayon bakinmu. Na ce abin da ya kawo Kanawa, sai dai mu ba mu zo da surutu ba. Daga nan muka saba. Ita ta nuna mini inda ake sayen kuɓewa, da shagon wani Musulmi mai naman akuya.

Asibitin ba zan ɓata shi ba. Tsaf yake, ba a tsawa, nas-nas ɗin suna haɗa tafin hannu su gaishe ka. Sun gasa wurin ciwon da na'ura, sun ɗaura mata wata ɗamara mai tauri daga ƙirji zuwa ƙugu. Zafin ya ragu, amma barci bai zo ba. Ta wuni ido biyu ta kwana ido biyu, haƙora a cije, kafaɗu a ɗage har kusa da kunne, kamar mai jiran a kawo mata duka. Da safe in ga idanunta sun faɗa. Likitan ya ce magani ya yi nasa, saura tsoro, shi kuma ba shi da allurarsa. Sai ya ce a kai ta hawa na sama wurin malamar yoga.

Na ce ba ta zuwa. Abin da ya karya ta a Sakkwato shi za a ba ta a matsayin magani? Bello ya kira wani malaminsa a gida, malamin ya ce motsa jiki da numfashi babu laifi, amma duk abin da ya yi kama da bauta a bar musu abinsu. Na ce to zan je in gani da idona, kuma ina ganin an sunkuya wa rana ko gunki zan turo kekenta mu fito.

Ɗakin babu gunki, na duba har bayan labule. Tabarmi ne da matasai da kujeru, da marasa lafiya kamar goma, wasu babu gashi a kansu. Malamar wata 'yar tsohuwa ce sa'ata, ƙarama, da farin kitso ɗaya har gadon baya. Ba ta taɓa kowa sai ta ji abin da likitansa ya ce. Ta sa yarinyar ta nuna mata bidiyon da take bi a gida. Ta kalla kaɗan ta yi tsaki, tsaki irin namu sak. Ta ce wannan na masu lafiya ne, su ma da malami a kansu yana gyara su. Ta ce matar cikin waya ba ta ganin wanda ke kallonta, ba ta san ƙashin wa ya ruɓe ba. Ciwon da ke tayar da mutum daga barci, in ji ta, ba a miƙar da shi, likita ake kai wa. Ta ce yoga bai sa mata cutar ba, amma ya cinye mata watannin da ya kamata ta yi a asibiti, kuma shi ya ƙarasa ƙashin. Ba ta kare abinsu ba. Wannan ya sa na fara saurarenta.

Na sa aka tambaye ta ko addini ne. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, daga cikin addininsu ya fito, kuma har gobe akwai masu yinsa don ibada, ita ma tana da abin da take karantawa ita kaɗai a gidanta. Amma a ɗakin nan numfashi ne da kwanciya, ba ta sa kowa ya ambaci abin da bai yarda da shi ba. Ta nuna mini wata Ba'indiya mai lulluɓi a ƙarshen layi, Musulma, ta ce waccan da tasbihinta take jan numfashi. Ni ba malama ba ce, ba fatawa nake ba ku ba. Abin da na gani nake faɗa.

Na ce a tambaye ta ko zai warkar da ita.

Ta ce a'a, ba ta ko karkaɗa kai ba.

Na ce to amfanin me? Ta ce kalmar a tsohon harshensu tana nufin itacen da ake ɗora wa shanu biyu a wuya su yi huɗa tare. Bello da ke bakin ƙofa ya ce karkiya ke nan. Ta ce jikin yarinyar yana nan kan gado, hankalinta kuma ya ruga gaba yana leƙen abin da bai zo ba, kowanne yana jan ɗan'uwansa. Aikinta kawai ta dawo da su wuri ɗaya. Bello ya ce shi ya gane, in sa ɗaya ya riga ɗaya, wuyan duka biyun ke salɓewa. 

Kwanakin farko a kujera malamar ta zaunar da yarinyar. Babu lanƙwasa, babu murɗa, ko sunkuyawa ta hana. Ja numfashi ta hanci, sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, ɗaga yatsu, sauke kafaɗu. Na ce a raina wannan ai ko jariri ya iya. Amma na ga kafaɗun sun sauko kaɗan.

Sai ranar da aka kwantar da su. Nas biyu suka taimaka aka sauke yarinyar rigingine, matashi ƙarƙashin gwiwa, aka lulluɓe ta da farin mayafi zuwa ƙirji. Malamar ta yi magana a hankali, sai na ga ƙafafun yarinyar sun saki, kowacce ta faɗi gefe. Tafin hannu ya buɗe yana kallon sama. Haɓa ta saki, baki ya ɗan rabu. Ku da kuke karatun nan wataƙila ba ku san abin da na gani ba. Ni na san shi. Shi nake tararwa duk gidan da aka aiko a kira ni, kafin in ɗaure haɓa in haɗa ƙafafu. Na tashi na fita, na tsaya a baranda har aka gama.

Da muka koma masauki na tambayi yarinyar sunan wannan kwanciya. Ta ce hutu. Hajiya Mariya tana wurin tana yankan kuɓewa, mijinta ma ana kai shi, ta ce, "Wane hutu? Ai kwanciyar gawa sunanta da yarensu, tafintanmu ya gaya mana." Yarinyar ta harare ta, amma magana ta riga ta fita.

Na ce, "Ba ki ƙara yin ta. Ba gabana ba, ba bayana ba."

Ba ta yi musu ba, ba ta taɓa yi mini musu ba. Aka ci gaba da kai ta numfashin kujera, in an zo kwanciya Bello ya turo ta waje. Barcin da ya fara leƙowa ya koma. Haƙoran suka koma cijewa. Ina gani, na kuma san dalili, amma na ce gara haka da in zauna ina kallon ana gwada mini abin da nake roƙon Allah kada ya nuna mini.

A cikin kwanakin ne na ga jana'izarsu ta tagar masauki. Maza ɗauke da makara a kafaɗa, gawar lulluɓe da furanni ruwan lemo, suna tafe suna maimaita wata magana. Hajiya Mariya ta ce ƙonawa za su yi. Na yi ta'awizi. Amma abin da ya tsaya mini shi ne, wa ya wanke ta, kuma ta wane gefe ya fara.

Malamar da kanta ta sauko ɗakin da ake ƙara wa yarinyar ruwan magani. Ta tambayi dalilin da ake fitar da ita. Yarinyar ta gaya mata aikina. Tsohuwar ta matso ta kama hannuwana biyu ta juya su tana kallo. Ban saba a taɓa ni ba, mutane da yawa a Mabera ma ba sa son hannuna ya taɓa abincinsu, suna dai ɓoyewa. Ta ce ita ta wanke uwarta, ta wanke yayarta. Ta ce sunan kwanciyar ba izgili ba ne, kuma ba kiran mutuwa ba ne. Wanda ke tsoron abu yakan ɗaure jikinsa dare da rana yana tokare shi, ɗaurewar kuma ta ninka masa ciwo. Shi ya sa ake koya masa ya ajiye kayan na ɗan lokaci, ya ga bai hallaka ba. Ta ce wadda nake wankewa ba ta tashi, wannan kuwa ana kiranta ta tashi.

Na ce a gaya mata na gode, amma a'a.

Bayan ta fita, yarinyar ta daɗe tana kallon ruwan da ke ɗiga cikin robar. Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba:

"Inna, ke kin saba da ita. Ni ban saba ba. Bari in koya."

Ba ta ce mutuwa ba, ni ma ban ce ba. Na gyara mata mayafi a ƙafa. A wurinmu in babba ya yi shiru, an san abin da ya ce.

Washegari ban fita baranda ba. Na zauna a kujera kusa da kanta, na ce wa Bello ya matso ya gaya mini ɗan abin da yake tsinta a Turancin. Malamar tana kiran gaɓoɓi ne ɗaya bayan ɗaya, mai kwanciya ya kai hankalinsa wurin ya sake shi. Ta fara da babban yatsan hannun dama. Tafin hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, haƙarƙari, cinya, har yatsun ƙafar dama. Sai da ta gama dama kaf sannan ta koma hagu. Na daina jin Bello. Da dama nake farawa ni ma, haka gwaggota ta koya mini, haka shari'a ta ce. Na duba cinyata na ga hannuna yana tafiya shi kaɗai.

Da aka gama sai aka yi shiru mai tsawo. Sannan tsohuwar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa kusa da kunnen kowa ta kira sunansa a hankali, shi kuma ya buɗe ido. Da ta zo kan yarinyar ta kira nata, ta karya shi yadda bakinsu ya iya. Ba ta motsa ba. Na miƙe tsaye. Sai muka ji minshari. Malamar ta ɗora yatsa a baki, aka bar ta ta yi barci har azahar, a ƙasa, cikin mutane.

Kada wata ta ji wannan ta ce yoga ya yi magani. Bai yi ba. Da aka sake ɗaukar hoto, likitan ya zaunar da mu ya ce cutar ta kai hanta. Ya ce za su ba ta abin da zai rage mata gudu da abin da zai kashe zafi, amma zama a Indiya ba zai ƙara komai ba, gara ta koma cikin 'ya'yanta. Yarinyar ita ta fassara mini hukuncin kanta, kalma bayan kalma, muryarta ba ta yi rawa ba. Bello ne ya fita. A masauki Hajiya Mariya ta yi kuka ta rungume ni, na bar ta ta gama. Sauran kilishin na bar mata.

Kafin mu taho malamar ta ce dole a samu mai yi mata muryar a gida, mutum mai rai da ke ganinta, ba waya ba. Ta nuna ni. Ta koya mini sharuɗɗan: matashi ƙarƙashin gwiwa, kada ta lanƙwasa, kada ta murɗa, in za ta tashi ta fara juyawa gefe ta dogara da hannu. In zafi ya taso a tsaya, ba a jurewa. Na ƙarshe ta ce kada a bar ta a can, a kira ta ta dawo, kuma da sunanta, don mutum ko ya yi nisa yana jin sunansa. Na ce wannan mijinta zai yi, ko Bello. Ta kalle ni ta karkaɗa kai. Har yau ban san ko to ta ce ko a'a ba.

Dawowar ba ta da labari. Hanyar da muka bi muka biyo, sai dai wannan karon ta yi barci a jirgi, kanta ya gangaro kan kafaɗata, na bar shi.

Ta roƙi mijinta ya bar ta ta zauna ɗakina a Mabera, yara suna zuwa in an tashi makaranta. Kullum bayan la'asar nakan rufe ƙofa in shimfiɗa mata. Da bisimilla nake farawa, da Hausarmu nake yi, babban yatsan dama har zuwa ƙaramin yatsan ƙafar hagu. In an yi shirun sai in ce, "Ke, tashi." Ta tashi. Na ce ashe tsohuwar ta faɗi son ranta ne, "ke" ma ta isa.

Ranar Laraba da ta wuce na gama, na jira, na ce ke, tashi. Ba ta motsa ba. Na ƙara. Na ce uwar su Amira. Shiru. Babu kowa a gidan, Bello yana kara wurin shanu, mijinta bai taso daga aiki ba. Ni da ake kira in tabbatar wa mutane, ni da ke gane mutuwa tun daga bakin ƙofa, na kalli mayafin da ke ƙirjinta na kasa sanin ko yana motsi. Na san inda ake taɓawa a wuya. Hannuna ya ƙi zuwa. Na durƙusa kusa da kunnenta yadda na ga an yi.

Na ce, "Hauwa'u."

Ta buɗe ido a hankali, ta daɗe tana kallona.

"Na'am," ta ce. "Inna, ashe kin san shi."

Na ce ta juya gefe ta dogara da hannu, yadda aka ce.

Ta ce sabon maganin ne ya danne ta. Wataƙila haka ne, ban bincika ba. Rifkatu ta ajiye biro ta tambaye ni ko ta rubuta sunan, na ce ta rubuta shi sau ɗaya, ya isa.

Wannan ita ce Indiyar da na gani, mai son labarin masu rawa ta nemi wani. Mai zuwa dubiya ta zo da safe, kada ta daɗe, kada kuma ta zo mana da sunan wani magani da ta gani a waya. Bayan la'asar ƙofar a rufe take. Jikin yana raguwa, ba sai an gaya mini ba, kunun ma yanzu sai da lallashi. Amma tun daga ranar Larabar nan ba ta ƙara tashi da "ke" ba. Sai na durƙusa na kira. Yau ma na kira, ta amsa.